Wane Harsashi Ne Ke Tsayar Da Ɓauna?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata gardama da ta tashi a majalisarmu ta bayan la'asar, nan Kilomita Biyar, daura da babban masallaci. Wani abokin sana'armu da ke kai shanu Barazabil ta jirgin ruwa ya nuna mana hoton bindiga a wayarsa, ya ce ɗansa da ke Amurka ne ya turo, wai yana son ya saya masa don farautar manyan namun daji. Irin bindigar nan ce ta fim ɗin kaboyi, mai liba a ƙarƙashin kunama, wadda in ka ja libar ƙasa ka mayar, sai ta tofar da kwanso ta ɗora sabon harsashi. Yaron ya ce tana zuwa da harsashi iri uku, Alhaji ya zaɓa. Nan fa kowa ya zama malami, har da waɗanda ko zabo ba su taɓa harbi ba. Ni ba maharbi ba ne, amma na yi shekaru ina kora ta hanyar Ndele, na zauna da 'yan rakiyar Turawan farauta, kuma na ga abin da harsashi marar ƙarfi ke jawowa.

Bari in fara da wannan ɗin. Ina saurayi, wata shekara da rani, mun taso da garke daga arewa muka yada zango kusa da kogin Bamingi. A cikinmu akwai wani dattijo mai kalibar duz, watau bindigar nan da kowa ya sani a ƙasar nan, da kartush ɗin Fuwant-Nuwar mai ƙwayoyin dalma. Da yamma ya ci karo da ɓauna a bakin ruwa, kwaɗayin nama ya kama shi, ya sakar mata wuta. Ta shige ciyawa da jini a kafaɗa. Muka ce ai ta mutu, gobe ma ɗauka. Da asuba yaron da ke gaban garke ya bi ta wajen bai sani ba, ashe tana kwance tana jira. Ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, cinya ta karye, shanu suka watse cikin daji. Kwanaki muka yi muna tattara su, wasu har yau ba mu gan su ba, yaron kuwa da ɗingishi ya girma. Ɓaunar da ba a taɓa ba galibi gudunka take yi. Wadda aka ji wa ciwo ita ce ke farautar mutum.

Saboda haka duk mai tambayar harsashi, abin da yake tambaya a gaskiya shi ne, zai ratsa fata da ƙashin kafaɗa ya kai huhu da zuciya, ko kuwa zai tsaya a tsoka? Faɗin bakin bindiga kaɗai ba ya ba da amsa. Kalibar duz ta fi dukkan waɗannan faɗin baki, amma ƙwayoyinta warwatsuwa suke yi, kowace ɗaya ba ta da nauyin da za ta karya ƙashi. Abin dubawa shi ne nauyin harsashin, da taurinsa, da saurin da yake fita.

To, ga ukun da aka aiko wa Alhaji.

Na farko shi ne .45-70, tsoho ne ƙwarai, sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1873. Lamba 45 faɗinsa ne, wajen milimita 11 da rabi, 70 kuwa awon baƙin albarushin da ake zuba masa a wancan zamani. Harsashinsa na asali ya kai giram 26. Amma akwai tarko a nan wanda mai saye ya kamata ya sani. Da yake har yanzu akwai tsofaffin bindigogi na ƙarni na 19 a hannun mutane, masana'antu na cika wasu kwalaye da rangwamen ƙarfi, gudun mita 400 a daƙiƙa ko kusa da haka, don kada tsohuwar bindiga ta fashe a fuskar mai ita. Akwai kuma masu ƙarfi da ake yi wa bindigogin zamani irin Marlin 1895, wadda aka dawo da ƙirarta a 1972. Suna ɗaya, kwanso ɗaya, aiki daban. Wanda ya tari ɓauna da na farkon, da shi da dattijonmu na Bamingi ba su da nisa.

Na biyu .444 Marlin, na 1964. Ya fi na farko gudu, amma harsashinsa na asali giram 15 da ɗoriya ne, kuma daga na ƙaramar bindigar hannu aka aro shi, ga laushi, yana bajewa da wuri. Ga mariya, kanki ko gwambaza ya isa har ya yi yawa. Ga ɓauna ban yarda da shi ba. Na uku .450 Marlin, wanda kamfanin Marlin da na Hornady suka fitar a 2000. Ƙarfinsa ɗaya da .45-70 mai ƙarfi, sai dai an yi wa gindin kwansonsa ɗamara don kada ya shiga tsohuwar bindiga. Dabara ce mai kyau, amma bai karɓu ba, ko a Amurka sai an nema. Bindigar da ba ka samun abincinta kuwa, da ita da sandar kiwo duk ɗaya, sandar ma ta fi ta sauƙin ɗauka.

Wani abu kuma game da masu liba. Yawancinsu harsasai a jere suke kwana cikin bututu ƙarƙashin baki, hancin na baya yana tokare da gindin na gaba, daidai inda wuta ke tashi. Shi ya sa ake yi musu hanci a daƙushe, don kada girgizar harbi ta tayar da su a ciki. Harsashi mai daƙusasshen hanci ga nauyi kuwa ba ya nisa a miƙe, da ya wuce mita 100 zuwa 150 sai ya fara sunkuyawa ƙasa sosai. A cikin ciyawa da kurmi, inda abin ke faruwa a taku 30 ko 50, wannan ba aibi ba ne, saurin maimaita harbi ma shi ne falalarta. A fili kuwa, inda gwanki ke hango ka tun daga nesa, ba aikinta ba ne.

Wani a majalisa ya ce ai shugaban Amurka ma da mai liba ya kashe zakuna. Gaskiya ne, Theodore Roosevelt ya zo Afirka ta Gabas a 1909 da Winchester 1895 mai cin .405. Amma ita wannan ba ta bututu ba ce, kuma ba ita kaɗai ya riƙe ba, yana da babbar mai baki biyu ta Ingila, ga gogaggun maharba a bayansa. Turawan farautar da na gani a yankin Bamingi-Bangoran, kafin rikicin 2013 ya tsayar da yawancin harkar, masu sakata suke riƙewa. Ko dai .375 H&H na Landan, na 1912, mai giram 19 da gudun da ya kusa mita 770, ko .458 Winchester na 1956, wanda faɗinsa ɗaya da .45-70 amma giram 32 ne kuma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. A Tanzaniya doka ma ba ta yarda a harbi ɓauna da abin da ya gaza .375 ba.

Akwai kuma fuskar shari'a, wadda ban ji kowa ya taɓo ba ran nan. Waɗanda suka yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid za su tuna babin farauta. A ambaci sunan Allah lokacin saki, in an tarar da dabba da rai a yanka, in kuwa ta ɓace maka har ta kwana sa'an nan ka same ta matacciya, ba a ci. Malamanmu na Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya kashe, saboda yana hudawa yana zubar da jini. To ka ga harsashin da zai bar dabba ta gudu ta mutu cikin dare, mushe ya samar maka, ga azabtar da rai a banza. Littafin ya kuma karhanta farautar da aka yi don wasa kawai. Alhajin da ke da garke uku, nama bai gagare shi ba, sai ya tambayi kansa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu fatake. Mu mutanen Kilomita Biyar ba sai an gaya mana abin da bindiga ke yi wa unguwa ba. Mun ga 2013 da 2014, mun ga Disambar 2019 da 'yan kasuwa suka gaji suka tashi wa masu karɓar kuɗi da makami. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasar nan takunkumin makamai a Disambar 2013, ta ɗage shi a Yulin 2024, amma wannan bai mayar da shigo da bindiga kamar shigo da rediyo ba. Akwai takardar shigowa, akwai ta mallaka, takardar farauta kuma daban take, daga ma'aikatar gandun daji. Giwa an rufe farautarta tun 1985, gandun Manobo-Gunda da na Bamingi-Bangoran ba a harbi a cikinsu. Kuma takardar Bangi a Bangi take aiki. Da ka ƙetare Sido zuwa Cadi, ko Garuwa-Bulai zuwa Kamaru, ko kogi zuwa Zongo, ta zama farar takarda. A wannan zamani, mutum mai rawani da shanu da bindiga mai cin harsashi biyar ko shida, ba a kiransa maharbi a shingen jandarma. Kafin ka gama bayani an kore garken, kuma sunan da za a liƙa maka zai bi duk wanda ya biyo bayanka da shanu a wannan hanya. Na san masu cewa ai saboda zargina ne. Tun zamanin zargina na farko, waɗanda suka fi tsira da dukiyarsu su ne masu tafiya ayari da masu jin labarin hanya kafin su tashi.

Abin da na ce wa Alhaji a gaban jama'a shi ne, in lallai sai mai liba, kuma takardu sun cika, ya ɗauki .45-70 a bindigar zamani, da harsashi mai tauri na giram 26 ko fiye, kada ya harba daga nesa, kada kuma ya tafi ba da maharbin da ya san daji ba. In ɓauna ce ainihin nufinsa, ya bar ta kaboyi ya nemi mai sakata .375. Kuma ko wacce ce, ta zauna a gida ranar da shanu suka kama hanya.

Ya ce zai yi shawara da ɗan nasa. Da muka tashi sallar magariba na tambaye shi yaushe rabonsa da ya ga ɓauna da idonsa. Ya tsaya ya yi lissafi da yatsu, ya ce tun mulkin Patase.