Maganin Rage Ƙiba da Kitsen Jini a Jikin Mace

Kolestarol, wato kitsen jini, maiƙo ne da hanta ke haɗawa, jiki ma yana buƙatarsa. Idan nau'in da ake kira LDL ya yi yawa, sai ya riƙa danƙarewa a bangon jijiyoyi, har ya kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ba ya ciwo, gwajin jini kaɗai ke tona asirinsa. Mace kuwa yakan hau mata bayan al'ada ta ɗauke.

Likita ba ya rubuta maganin ƙiba don riga ta matse. Sai ya auna tsayi da nauyi, lissafin BMI ya kai 30, ko 27 in akwai kitsen jini, hawan jini ko ciwon suga.

Orlistat, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, a hanji yake aikinsa: yana hana jiki tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙon abinci. Wadda ta sha shi ta zauna ta ci soyayyar kaza, maiƙon zai fito a bayan gida, wani lokaci ba sallama, har ya ɓata zani. Shi ya sa ake haɗa shi da rage mai da kuma shan bitamin A, D, E da K. Allurar Wegovy ta 2021 kuwa sau ɗaya ake yi a mako, ta kashe kwaɗayi. A gwaji, nauyi ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari a makonni 68, amma tana da tsada, kuma nauyin yakan dawo in an daina. Mai ciki ko mai neman haihuwa ta nesance su duka.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne shayin rage tumbi da ake tallata wa mata. An sha gano maganin ƙiba na sibutramine ɓoye cikin irin waɗannan kaya, alhali tun 2010 aka janye shi saboda haɗarin zuciya.

Ragowar aikin a madafa yake. Ludayin man shanu ya koma cokali, a rage manja, kitse da kayan ciki, a ƙara wake, kuɓewa, zogale da kifi. Mace mai kilo 90 da ta sauke kilo biyar zuwa tara takan ga bambanci a takardar gwajinta. In LDL ya ƙi sauka duk da haka, likita ya ƙara mata ƙwayar statin mai rage kitsen jini.