Ƙaramin Batir a Motar da Aka Mayar Ta Lantarki

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin watan Mayun 2023, zancen mayar da tsofaffin motoci na lantarki ya yawaita a bakin jama'a, balle da yake Mustapha Gajibo ya riga ya nuna a Maiduguri, da ƙananan bas-bas ɗin da ya juyar, cewa al'amarin ba tatsuniya ba ne. Sai dai akwai wata mas'ala da masu sha'awar aikin kan gafala da ita, ba sa farga sai magariba ta yi an nemi fitila.

Bisa asali, fitilu da hon da waifa da rediyo duk da wutar bolt 12 suke aiki, altaneta ce ke ciyar da su, ita kuwa fambel ne ke juya ta daga jikin injin. Saboda haka ranar da bakanike ya sauke injin ya jingine shi a gefen gareji, to, ya sauke mai ciyarwar tare da shi. Babban batirin da ke tura motar kuwa, ko bolt 96 ne, ko 144, ko kimanin 360 irin na Nissan Leaf, in aka haɗa shi da ƙwan fitila kai tsaye, ƙiftawa ɗaya zai yi ya ƙone.

A nan ne shaiɗan kan raya wa mai rewaya ya ɗauki waya ya tatsi bolt 12 daga batir guda cikin jerin batiran da suka haɗa babban, don ya huta da sayen wani abu. Wannan dabara, a ganina, zalunci ce ga batirin, domin shi kaɗai zai riƙa ɗaukar nauyi biyu alhali 'yan'uwansa na ɗaukar ɗaya, ya riga su ƙarewa, caji bai cika shi daidai da su ba, har ya mutu ya raunana jerin baki ɗaya; ga kuma haɗarin sadar da babbar wuta da bodin mota, abin da wajibi ne a nisanta.

Hanyar da ta inganta ita ce na'urar rage ƙarfin wuta da ake kira DC-DC, wadda ke ɗiba daga jerin gaba ɗaya ta sauko da ita wajen bolt 14, kamar yadda altaneta ke yi. Girmanta lissafi ne: manyan fitilu biyu masu wat 55 kowanne suna jan amfiya tara da 'yan kai, a ƙara waifa da fanka, sannan a tuna da famfon da zai zuƙe iska don burki ya yi laushi, aikin da injin fetur ke yi kyauta a da.

Duk da haka ba a jefar da ƙaramin batirin motar na bolt 12, don shi ke kunna makunnin da ke sakin babbar wuta, shi ne kuma zai riƙe fitilu in na'urar ta lalace a hanya. Ko Leaf, in nata ya mutu, ba ta tashi, ko da babban cike yake fal.

Mai karatu, in za ka ba da motarka a juya maka, ka tambayi mai aikin daga ina fitilarka za ta sha wuta kafin ka biya kafin-alƙalami.