Bindiga ɗaya, aiki biyu: farautar daji da wasan harbin faifai

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Tambayar yau daga ƙasar Gumel ta fito, kuma mun sha jin irinta daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wai idan mutum yana da halin mallakar bindigar farauta guda ɗaya tak, wacce zai zaɓa da za ta yi masa zabo da fakara da zomo, kuma ta yi wasan nan na harbin faifai da matasa ke gani a waya?

To, bari mu fara da wasan. Na'ura ce ke cilla wani ɗan faifai sama, faɗinsa santimita 11, nauyinsa kusan giram 105, kai kuma ka fasa shi kafin ya faɗo. Ana ce masa faifan yumɓu, amma galibi da garin farar ƙasa da kwalta ake yin sa. Nau'in da faifan ke gudu daga gabanka ya shiga gasar Olamfik tun 1900, wanda yake gilmawa ta gefe kuma ya shiga a 1968. Larabawa sun yi suna a ciki: Ahmad Al Maktum na Dubai ya ci zinare a 2004, Nasir Al-Atiyya na Katar ya ci tagulla a Landan a 2012. Asalin wasan koyon harbin tsuntsu ne a sama. Kun ga ke nan bindigar da ta iya ɗaya ba za ta rasa iya ɗayan ba.

Amma kafin a je ga ƙarfe, sai an bi ta kan takarda. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin su bindigar soja da fistol. Akwai na amfanin kai, nan ne bindigar farauta mai baki ɗaya da mai baki biyu suke, kuma lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai na uku, masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka ta iyayenmu mafarauta, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da izininta. Ku lura da kyau: bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi, ko wadda ake ja da hannu ta ɗura, dokar ta cire su daga jerin na amfanin kai. Kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko wanda aka ɗaure kan laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka wuce. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Saboda haka tafiyarka ta farko hedikwatar 'yan sanda ce a Dutse. Mu da ke bakin iyaka, za ka iya haɗuwa da mai ce maka yana da "kaya" mai araha daga ƙetare. Ɗan'uwa, ran Alhamis ka shiga kasuwar Maigatari ka sayi ragonka, ka bar masa kayansa. Araha ba ta ado, wannan kuwa gidan yari take kai mutum.

Yauwa. Idan takarda ta kammala, abubuwa biyar za ka duba.

Na farko, faɗin bututu, abin da ake kira geji. Geji 12 shi ne gama-gari, faɗinsa kusan milimita 18 da rabi. Lissafin tsoho ne: idan ka raba fam ɗaya na dalma gida 12, ka mulmula kowane kashi, ƙwallon zai cika bututun daidai. Shi ya sa geji 20 ya fi geji 12 ƙanƙanta, duk da lambarsa ta fi yawa. Geji 20 ya fi sauƙin ɗauka, amma harsashin geji 12 ya fi samuwa, kuma shi 'yan gasa ke riƙewa. Ga mai bindiga ɗaya, 12 ne.

Na biyu, baki nawa? Mai baki ɗaya, irin Baikal ta Rasha da aka sani a Afirka ta Yamma, tana da juriya da sauƙin kuɗi. Matsalarta, idan garken zabi ya tashi ka kuskure, shi ke nan sai wani jiƙon. A wasan faifai kuma akwai inda ake cilla biyu lokaci guda. Mai baki biyu ita ce ke haɗa ayyukan. Akwai mai bututu gefe da gefe, akwai mai ɗaya bisa ɗaya, kuma ta biyun 'yan gasa suka fi so saboda ido na bin layi ɗaya. Dukkansu karya su ake yi a tsakiya a ɗura. Wannan babbar riba ce a wajenmu: ƙurar hunturu da rairayin jigawa ba su da wuraren maƙalewa da yawa, kuma idan ka karya ta ka rataya, kowa ya gani ya san ba za ta tashi ba.

Na uku, kuma shi ne zuciyar maganar, matsin baki. Harsashin wannan bindiga ƙwayoyi ne masu yawa da ke watsuwa kamar an watsa tsaba. Matsin da ke ƙarshen bututu shi ke ƙayyade yadda za su watsu. Ma'aunin da aka saba: a zana da'ira mai faɗin santimita 76, a tsaya nisan mita 36. Buɗaɗɗen baki zai zuba kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin a ciki, matsakaici kusan 60, cikakken matsi kusan 70. Faifan da ke gilmawa kusa yana son buɗaɗɗe. Dajinmu kuwa fili ne, bayan an cire gero da riɗi zabo na hango ka tun daga nesa ya tashi, don haka matsakaici ya fi dacewa. Bindigogin zamani suna zuwa da bakin da ake kwancewa a sauya. Idan ka samu irin wannan, ka samu bindiga uku a jiki ɗaya. Idan tsohuwa ce mai kafaffen baki, nemi wadda bututu ɗaya ya ɗan buɗe, ɗayan kuma ya matse.

Na huɗu, tsawo da nauyi. Bututu mai inci 28 shi ne tsaka-tsaki. 'Yan gasa kan so 30 ko 32, amma su ba sa yini suna taka rairayi. Nauyin kilo 3 da 'yan kai ya isa. Idan ta cika sauƙi za ta riƙa dukan kafaɗarka, idan ta cika nauyi kafin azahar hannu ya mutu.

Na biyar, ta zauna maka a jiki. Ka tabbatar babu harsashi, ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, kunci ya kwanta a kan ƙota, sannan ka buɗe ido. Idan idonka na kallon saman bututu a miƙe, taka ce. Idan sai ka karkata wuya, ko Beretta ce ta Italiya, ba taka ba ce. Ka kuma gane idon da ya fi rinjaye: nuna wani abu da yatsa idanu biyu a buɗe, ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsa bai kauce ba shi ne shugaba, kuma a kafaɗar wannan ɓangaren ya fi kyau ka ɗora.

Sai harsashi. Lambar ƙwaya idan ta hau, ƙwayar na ƙanƙancewa. Lamba 7 da rabi ko 8 ta faifai ce da kurciya, lamba 6 ta fakara da zomo, 4 ko 5 ta zabo. Duba rubutun jikin bututu: idan an sa 70, kada ka cusa mata harsashi mai milimita 76, ko da ya shiga. Haka nan kada a zuba garin harsashin zamani a bindigar toka, ko a sa harsashin kanti a bututun da ba a gwada ƙarfinsa a masana'anta ba. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, bututun na iya fashewa a hannunka.

Abin da muke so ya zauna a zuciya shi ne wannan. Ƙwayar da za ta kashe zabo da kyau iyakarta mita 35 zuwa 40. Bayan nan raunata shi kawai za ka yi ya je ya mutu a banza. Amma ita ƙwayar tana ci gaba da tafiya fiye da mita 200. A bayan wannan karan akwai yaro mai kiwo, akwai mata masu itace, akwai ruga. Idan ba ka ga abin da ke bayan abin harbinka ba, kada yatsa ya taɓa kunama. Da damina kuma zabi na ƙwai, a ƙyale su, in ba haka ba baɗi babu abin da za a fita nema. Barewa da tuje sun riga sun yi ƙaranci a wannan yanki, kowa shaida ne.

A taƙaice: takarda tukuna, sannan geji 12, baki biyu, inci 28, bakin da ake sauyawa, kuma wadda ta dace da kafaɗarka.

Iyayenmu sarakunan baka da sauran mafarauta, muna jiran gyaranku da ƙarin bayani a ƙasa, musamman kan yadda kuke koya wa yara riƙon bindiga. Ku tura wa wanda zai amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mu kasance lafiya.