Ina icce ya tafi bayan ya ƙone?

Wata mata a Sarkin Yamma ta kawo damin icce gida. Damin yana da nauyi, sai da anka aza mata shi. Bayan kwana biyu icce ya ƙare. Abin da ya rage cikin murhu toka ce, ba ta cika ƙwarya ba. To, ina sauran ya tafi?

Mutane da yawa za su ce wuta ta cinye. Amma wuta ba ta da ciki. Masu ilimin sinadarai, wanda ƴan lakwal ke ce ma shimi, suna da wata amsa. Kuma amsar tana da amfani ga duk mai kwana da garwashi cikin ɗaki.

Masana sun ce duk abin da ke da nauyi, kuma yake cin wuri, abu ne mai jiki. Dutse mai jiki ne. Ruwa mai jiki ne. Iska ma haka take, ko da ido ba ya ganinta. In anka tura kwalba wofi cikin ruwa, sai a ji bul-bul-bul. Iskar ciki ce ke fita, ta ba ruwa wuri. Ashe kwalbar ba wofi take ba.

Abu mai jiki yana zama iri uku: mai tauri, mai gudana, da mai tashi kamar iska. Abu guda yana iya bin dukan ukun. Ƙanƙarar da ke faɗowa da damina ruwa ce mai tauri. Ta narke, ta zama ruwa. A tafasa ruwan, ya zama tururi. A rufe tukunya da faifan ƙarfe, tururi ya koma ruwa, yana ɗiga. Tafkin Madarumfa yana ja da baya da rani, Gulbin Maraɗi ya bar yashi. Wani ruwan ya nutse ƙasa, wani kuwa zafin rana ya ɗauke shi bisa. Bai ɓace ba.

Ƙonewar icce dabam take da wannan. Tururi yana komawa ruwa, amma toka ba ta komawa icce. Icce ya gamu da wani abu, sun zama sababbin abubuwa. Abin da ya gamu da shi yana cikin iska, sunansa okisijen. In anka raba iska kashi 100, kashi 21 okisijen ne. Shi wuta ke bukata, shi ne kuma mutum ke bukata in yana numfashi. Don haka maƙeri ke zuga wuta, don haka uwargida ke hura ta.

Wani masani a ƙasar Faransa, Labuwaziye, shi ya bayyana wannan da sikeli. A shekara ta 1774 ya zuba ƙarfen kuza cikin kwalba, ya toshe bakinta sarai, ya auna. Ya gasa ta har kuza ta sake kama, ya koma aunawa. Nauyi bai ƙaru ba, bai ragu ba. Cikin littafin da ya fitar a 1789 ya rubuta cewa abu ba ya ɓacewa cikin irin wannan aiki, kama kaɗai yake sakewa.

To, ga inda damin icce ya tafi. Wajen rabin nauyin busasshen icce wani abu ne da ake kira karbon, shi ne baƙin gawayi. Karbon ya gamu da okisijen, ya zama wata iska mai suna gas karbonik, ta tashi. Wani kashi ya zama tururi. Toka ita ce gishirin ƙasa da saiwa ta tsotso, wanda wuta ba ta iya tayarwa. Shi ya sa toka ke gyara gona, kuma ruwanta ke da kaifi cikin miya da sabulu.

Zafin fa? Zafi ba shi da nauyi, ba a sa shi cikin buhu. Ƙarfi ne. Gawon da ke tsaye cikin gona ya yi shekaru yana shan rana, yana ajiye ƙarfinta cikin jikinsa. Wuta ce ke sakin wannan ajiya. Ɗanyen icce kuwa kusan rabinsa ruwa ne. Wuta tana ɓata ƙarfinta wajen busar da shi kafin ta kai ga tukunya. Kuma ruwa in ya tafasa, a wajen digiri 100, ba ya ƙara zafi ko an ƙara icce. Mai tura icce ga tukunyar da ta riga ta tafasa, dajin Baban Rafi take ƙonewa a banza.

Babbar magana tana ga lokacin ɗari. Cikin watan Disamba da Janairu ana shiga ɗaki da kaskon garwashi, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. An fi yi wa mai jego da jariri da tsofaffi haka, don ƙauna. Amma a yi lissafi. Ɗaki mai mitir 3 tsawo, 3 faɗi, 3 bisa, yana riƙe iska wajen kilo 30. Gawayi kilo 1 yana bukatar iska wajen kilo 10 kafin ya ƙone ƙurmus. Ga mutane kuma suna numfashi.

In okisijen bai ishi garwashi ba, ƙonewa ba ta cika. Sai wata iska ta fito, mai guba, sunanta monokisid na karbon. Garwashi yana fitar da ita kaɗan ko a fili, amma a fili tana watsewa. Cikin rufaffen ɗaki taruwa take. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi ja, ya daina hayaƙi, shi ake ɗauka ba shi da laifi, alhali yana fitar da ita. Tana kama jini fiye da okisijen sau 200 da wani abu, ta hana jini ɗaukar abincin numfashi.

Mutum ya fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, jiki ya mutu. In yana barci, yana iya wucewa bai farka ba. Da safe wasu su ce iska ce ta taɓa su. Gaskiya iska ce, amma daga kasko ta fito.

Ba a kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki. A ɗumama ɗaki da ƙofa buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara bargo. In mutanen ɗaki guda sunka tashi duk da ciwon kai, a tuhumi kasko. In anka tarar da wani ya galabaita, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili nan take. In ya suma, a kwantar da shi bisa gefe, kada a ɗura masa ruwa ko fura, don yana iya shaƙewa. A kai shi gidan likita ko da ya farfaɗo, a kuma gaya wa likita da garwashi ya kwana.