Yatsu Huɗu na Inuwa: Faɗin Bakin Malafa a Ranar Khartum

A shekarun da Salva Kiir ya yi yana mataimakin shugaban Sudan na farko, daga 2005 zuwa 2011, hotunan da ke fitowa daga fadar shugaban ƙasa a bakin Shuɗin Nilu sun saba nuna kawuna biyu kafaɗa da kafaɗa. Shugaba Umar al-Bashir sau da yawa yana cikin farin rawani irin na mutanen Sudan. Kiir kuwa ba a cika ganinsa ba sai da baƙar malafa mai faffaɗan baki irin ta makiyayan Texas, wadda aka ruwaito cewa George W. Bush ne ya ba shi irinta a 2006. Masu sharhin siyasa sun ga Arewa da Kudu a waɗannan kawuna. Likitan ido da zai kalli hoton, abin da zai fara lura da shi daban ne: idanun ɗaya suna cikin inuwa, na ɗayan suna fili.

Hausawa ba baƙin malafar Turawa ba ne. Wadda Goodluck Jonathan ya riƙa sawa har ta jawo masa laƙabin Mai Malafa, dangin fedora ce: mai taushi, an lotsa tsakiyar ƙoƙonta, an matse gabanta daga gefe biyu, baki ya kewaye ta. Sunan ya samo asali daga wani wasan kwaikwayo da Victorien Sardou ya rubuta, wanda Sarah Bernhardt ta fito a ciki a birnin Faris a 1882, kuma kamfanoni irin su Borsalino, da aka kafa a Italiya a 1857, su suka yaɗa ta a duniya. Masu sana'ar sun kasa bakinta gida uku. Wanda bai kai santimita 5 ba shi ne tsukakke. Daga 5 zuwa 7 shi ne na gargajiya, irin wanda ake gani a tsofaffin finafinan Amurka. Daga 7.5 zuwa sama, wato inci uku, sai a ce faffaɗa.

Shawarar da masu shagunan malafa ke bayarwa duk ta kwalliya ce. Gajeren mutum ya guji babban baki kada ya haɗiye shi. Mai faɗin kafaɗa da cikar fuska zai iya ɗaukar faffaɗa. Mai doguwar fuska ya nemi ƙoƙo marar tsawo. Ba laifi, amma an tsara waɗannan ƙa'idoji ne don titunan Milan da Landan, inda ake neman rana da kuɗi. A Khartum da Omdurman, inda zafin watan Mayu da Yuni ke haura digiri 40 kusan kullum, akwai lissafin da ya riga na madubi.

Bakin malafa rumfar shago ce aka ɗora a goshi, kuma tsawon inuwar da take saukarwa ya dogara da abu biyu: faɗinta da tsayin rana a sama. Idan rana ta kai rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakiyar sama, wato digiri 45, inuwar da ke sauka kan fuska daidai take da faɗin bakin. Santimita 5 ya ba da 5, wanda da ƙyar ya wuce idanu. Wannan shi ne lokacin da inuwar mutum a ƙasa take daidai da tsayinsa. Da rana ta ƙara ɗagawa, inuwar mutum ta gajarta, ta malafa kuma ta ƙara sauka.

Khartum tana kusan digiri 15 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuma digiri 12. Saboda haka sau biyu a shekara, a farkon Mayu da kuma cikin Agusta, rana takan tsaya cak a saman kan mutanen birnin da tsaka. A irin wannan sa'a ko ƙaramin baki ya rufe fuska. Wahalar tana wasu lokutan. A ƙarshen Disamba ranar tsaka ba ta wuce digiri 51 a Khartum. Bakin santimita 5 zai sauke inuwar kusan santimita 6, na 7.5 ya ba da 9, na 10 ya ba da 12. Da hantsi da la'asar sakaliya kuwa, a kowane wata, rana tana shigowa ne ta gefe. Idan tana digiri 30, bakin santimita 7.5 ma inuwar da zai bayar ba ta kai 5 ba. Ga kuma hanci, wanda ya yi gaba ya bar sauran fuska, shi ne farkon fita daga inuwa.

Wannan ba lissafin takarda kaɗai ba ne. A 1992 masu bincike biyu a Ingila, Brian Diffey da Cheeseman, sun ɗora huluna da malafu iri-iri a kan kawunan gwaji, suka manna abin auna haske a goshi da hanci da kumatu da haɓa da ƙeya. Sakamakon da suka buga a mujallar likitocin fata ta Birtaniya ya nuna cewa sai baki ya haura santimita 7.5 kafin hanci da kumatu su sami kariya ta a-zo-a-gani. Hana-salla, mai baki a gaba kawai, tana kare hanci amma ta bar kunnuwa da kumatu da ƙeya a rana. Adadin nan na 7.5 shi ne hukumar yaƙi da cutar daji ta Ostareliya ke ba manya shawara da shi har yau.

Mai saye ba ya buƙatar awo a aljihu. Yatsu huɗu na babban mutum, idan aka haɗe su, sun yi kusan santimita 7 zuwa 8. A kwantar da su a kan bakin malafa daga gindin ƙoƙo. In yatsa ya leƙo waje, malafar ta ado ce.

Wani zai ce baƙar fata ba ta ƙuna kamar ta Bature, kuma da gaskiyarsa: sinadarin da ke sa fata duhu yana tare kaso mai yawa na hasken nan mai cutarwa da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Amma ƙwayar ido ba ta da wannan gata. A 1988 Hugh Taylor da abokan aikinsa sun duba idanun masunta 838 a gaɓar Chesapeake ta Amurka, suka gano cewa waɗanda suka fi shan wannan haske sun fi kamuwa da wani nau'in yanar ido, kuma malafa mai baki tana rage abin da ke isa ido da kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na makantar da yana ke jawowa na iya kasancewa daga hasken rana. Duk wanda ya taɓa ganin layin tsofaffi a asibitin ido na Makka, wanda gidauniyar Al-Basar ta buɗe a Khartum da kuma Kano, ya san girman abin da ake magana. Ga zabiya kuwa batun ya wuce na ido, domin cutar dajin fata na kama su tun da ƙuruciya, kuma ta fi fitowa a fuska da kunne da wuya, daidai wuraren da tsukakken baki ke bari a buɗe.

Rabi aka ce, ba duka ba. Kaso mai yawa na hasken yana watsuwa ne a sararin sama ya zo ta ko'ina, busasshen yashi kuma yana mayar da kusan kashi 15 cikin 100 sama, ta ƙarƙashin malafa. Manomin tsibirin Tuti, da mai buga jan bulo a bakin kogi a Jireif, da masuncin Mogran inda Nilu biyu suka haɗu, duk suna shan haske daga sama da ƙasa. Tabarau mai tare UV shi ke cike giɓin.

To me ya sa birni mai irin wannan rana bai zama birnin malafa ba? A kasuwar Omdurman abin da ake sawa a ka shi ne ɗagiya, 'yar hula mai kama kai, da imma, rawanin farin yadi mai tsawon mita huɗu ko fiye. Ma'aikatan gwamnati na da sun sa jar dara, wadda suka gada daga mulkin Turkawa da Masar.  Duk ukun ba su da baki, kuma dalilin a fili yake: mai sallah sau biyar a rana yana buƙatar goshinsa ya taɓa ƙasa. Turkiyya ta nuna yadda maganar ke da zafi. A Nuwamban 1925 Mustafa Kemal ya kafa dokar da ta hana dara ta ɗora malafar Turawa a madadinta, aka yi bore a garuruwa, aka rataye mutane, ciki har da malamin nan Iskilipli Atif a Fabrairun 1926. A Sudan kuma hula mai baki tana kan sojojin Birtaniya na Kitchener da suka ci Omdurman a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898, don haka ta daɗe tana ɗauke da warin mulkin mallaka.

Kada a raina rawani. Ninkin yadi yana tare zafi daga tsakar ka, jelarsa tana rufe ƙeya, kuma idan habub ta taso, guguwar ƙurar nan da ke rufe Khartum gabanin damina, da shi ake naɗe hanci da baki. Abu ɗaya ne ba ya iya yi, shi ne inuwa a kan ido.

A nan ne ya kamata a jinjina wa dabarar Hausawa da Fulani. Malafar kaba, wadda ake saƙawa da ganyen goruba a yi mata ado da jar fata, ba ta kori hula ko rawani ba. A kansu ake ɗora ta, kamar yadda ake gani a kan mahaya ranar hawan sallah. Lokacin sallah ya yi, a ture ta baya ta rataya a wuya da igiyarta, kai yana rufe, goshi yana fili. Bakinta ya ninka na fedora, kuma ya sunkuya ƙasa, abin da ke ƙara mata tare ranar gefe. Tana cikin kayan tafiyar fatake, kuma hanyar gabas da mahajjata suka bi a ƙafa, ta Borno da Wadai da Al-Fashir da Al-Ubayyid, ita ta kai dubban mutanenmu Sudan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno yake har yau, kuma da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 jikokin Hausa da Borno na cikin waɗanda suka fi yin aikin rana a cikinsu. Goruba tana nan a Sudan kamar yadda take a Katsina, kuma matan da ke saƙa faifan rufe abinci masu launi da ake sayarwa a Omdurman sun san kaba ciki da bai.

Faɗi ma yana da iyaka. Baki ya wuce santimita 12, iska ta samu abin kamawa, kuma mai ɗaukar kaya a kafaɗa ko mai tuƙa raksha, wato adaidaita sahu, zai ga tana tare masa gani. Tsakanin 8 da 10 ya ishi mai yawon gari. Mai wuni a gona ya ƙara, ya sa igiyar haɓa. Abin da aka yi ta da shi ma yana da muhimmanci. Fedorar gashin zomo ta hunturun Turai ce, a Khartum gumi kawai za ta tara. Ta saƙa ta fi, irin wadda ake kira Panama alhali a Ekwado ake yin ta, ko ta kaba. A ɗaga ta sama a kalli rana ta cikinta: in ana ganin ɗigon haske ta ramuka, saƙar ta yi sako-sako. Ƙasan baki mai duhu kuma yana rage ƙyallin da ke dawowa ido.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ragargaza unguwanni da kasuwanni a biranen nan, har da asibitoci da dama. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025 mutane ke komawa, kuma aikin da ke jiransu na tsakar rana ne: kwashe ɓaraguzai, buga bulo, layin ruwa, layin burodi. Tiyatar yana tana buƙatar likita da wuta da kuɗi, waɗanda duk suka yi ƙaranci. Malafar kaba mai bakin yatsu biyar kuwa masaƙan gida za su iya yin ta, kuma ƙungiyoyin da ke raba tamfol da bokitai ga masu komawa za su iya saye daga hannunsu su haɗa a cikin kayan, su fara da zabiyoyi da masu aikin gini.