Daga Ƙwanƙwasa Tukunya zuwa Auna Tsagar Ƙarfe

Macen da ta je sayen tukunya a Tozai, ko a kasuwar Isa, ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. In tukunya lafiyayya ce, amonta yakan fita garau; in da tsaga a ɓoye, sai a ji ya dushe. Haka ma'aikatan reluwe, irin wanda ya iso Ƙauran Namoda a 1929, suka saba bin ƙafafun jirgi da guduma suna saurare.

Amma kunne iyakarsa ya ce akwai tsaga. Ba ya faɗin inda take, balle girmanta. Ga injiniya kuwa girman shi ne magana, gama da shi ne zai san ko gatarin jirgi zai ƙara shekara yana aiki, ko kuwa a cire shi yau.

Don haka aka ƙago na'urar da muke zance. Sergei Sokolov na Rasha ya kawo shawararta a 1929, Floyd Firestone na Jami'ar Michigan a Amurka kuma ya sami rajistar tasa a 1942. Kan na'urar yana ɗauke da wani ɗan falle wanda lantarki ke kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen mutum kuwa ba ya jin abin da ya wuce 20,000. Akan shafa wa ƙarfen mai tukuna, don iska ba ta barin amon ya shiga. Amon yana tafiya kamar mita 5,900 a daƙiƙa cikin ƙarfe. Watau in kaurin ƙarfen milimita 59 ne, amsa-kuwwa za ta komo daga bayansa cikin kashi 20 na miliyan na daƙiƙa. In ta komo cikin kashi 10, to, akwai abin da ya tare ta a tsakiya. Wajen auna tsawon tsagar, sai a yi ta jan kan na'urar har ƙarfin amsa-kuwwar ya ragu da rabi, a sa alama, a yi haka ta ɗaya gefen.

To, me malami zai kira wannan kan na'ura a aji? Na ji ana cewa "majiyi". Ban yarda da shi ba, gama abin ba ji kaɗai yake yi ba: shi ke aika amon, shi ke karɓarsa. Ni na fi son "maƙwanƙwashi", bisa ƙirar mabuɗi da magirbi, "s" ta koma "sh" gaban "i" kamar yadda ta saba. Kalmar tana da nauyi a baki, na sani, amma ɗalibin da ya taɓa raka uwarsa rumfar tukwane zai gane rabin darasin tun kafin a zana kome a allo.