Rumfar Leda Da Tsadar Tumatir A Madakiya

A ƙasashen Turai saboda sanyi ake gina wa shuka ɗakin gilashi. A Madakiya kuwa, kusa da Kafanchan, ruwan damina ne ke ruɓar da tumatir, daidai lokacin da farashinsa ke tashi a kasuwa, kuma a nan ribar take. Don haka magidanci ba ya buƙatar gilashi. Gora ta isa, da rufin leda mai jure rana, da raga a gefe domin iska ta ratsa. Ragar tana kuma tare ƙwarin Tuta absoluta, waɗanda ɓarnarsu ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016.

Sai dai kafin a sayi leda, a tabbatar rijiyar gidan ba ta ƙafewa a watan Maris, domin a ƙarƙashin rumfa, rani da damina duk ban ruwa ake yi.